Jinyar Alƙali

Zuwa ga Mai Gilashina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan jiki yana ƙara sauƙi, ina gaida Yaya, yayarka, da ƙoƙarin jinya. Tunda aikin da aka yi maka a maƙogwaro ya hana ka magana, kuma ka ce in na kira waya ina ta surutu ni kaɗai ji kake kamar an shaƙe ka, to ga takarda. Direba maƙwabcinmu ya ce zai riƙa kai maka duk ranar da ya yi lodin garin da asibitin yake. Kada ka yi mini dariya. Tun ina yarinya nake son a rubuto mini wasiƙa irin ta cikin littattafai, sai ga shi ta wannan hanyar ta zo.

Gida lafiya. Rigarka ta aiki tana nan rataye a bayan ƙofa, abin yankan gilashi yana cikin aljihunta. Ban wanke ta ba.

Yanzu ga maganar da nake ta kewayewa. Ranar da za ka tafi ka tsaya gaban tankin kifin nan da ka haɗa da hannunka, ka ce in kula maka da su, in ka dawo tsohon kifin nan Alƙali za ka fara gaisarwa sannan ni, wai ya riga ni shigowa gidan. To tun da ka tafi sauran biyun, Tagwaye, suna ta wasansu, shi kuwa Alƙali ya koma kusurwa ya ɓata rai, kumatun nan sun ƙara zubowa. Tausayinsa ya kama ni. Na ga wani yana sayar da kifi a cikin leda a bakin titin kemis, akwai wata fara mai doguwar jela kamar ta yi lulluɓi. Na saya masa ita, na sa mata Mai Lulluɓi, na juye ta cikin tankin da ruwanta duka.

Da farko abin gwanin sha'awa. Amma yanzu wasu fararen ɗige-ɗige sun fito mata a jela da fiffike, kamar an barbaɗa mata gishiri. Tagwaye ma sun fara, suna ta goga jikinsu a jikin dutse. Alƙali na da guda biyu a goshi. Mene ne wannan? Ni ce na jawo?

Kuma yaushe zan zo? Ka ce mutum ɗaya ake bari a wurin majinyaci, to ai ni ma mutum ɗaya ce.

Allah Ya ba ka lafiya.
Matarka.

*

Zuwa ga 'Yar Littafi,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na karanta, Yaya ta karɓe ta karanta, na sake karɓewa. Jiki da sauƙi. Ina gaishe ki, ki gaida Direba da iyalinsa.

Wato na juya baya kaɗan har kin yi wa Alƙali aure. Ko shawara babu. Tsohon nan ba kaɗaici ke damunsa ba, haka fuskarsa take tun yana ɗan yatsa.

Ciwon farin ɗigo ne, kuma amaryar ce ta zo da shi. Baƙon kifi ba a sa shi cikin 'yan gida kai tsaye, sai ya zauna a roba shi kaɗai an ga lafiyarsa, kuma ruwan leda ba ya shiga tanki. Laifina ne da ban taɓa gaya miki ba. Kowane ɗigo wata ƙaramar ƙwaya ce da ta shige fatar kifin tana ci. Muddin tana jikinsa magani ba ya taɓa ta. Sai ta ƙoshi ta faɗo ƙasa ta fashe, 'ya'yanta sun bazu cikin ruwa suna neman jikin da za su kama, a nan ne kawai ake samunsu.

Ga abin da za ki yi. A ƙarƙashin tankin akwai gwangwanin gishiri mai manyan ƙwayoyi, ba na girki ba. Ki narka shi a kofi kafin ki zuba, kaɗan-kaɗan, cokali ɗaya ga kowane bokitin ruwa. Kusa da shi akwai kwalbar shuɗin magani, ma'aunin yana jikinta, kada ki ƙara ko ɗigo. Ki ƙara ƙarfin injin kumfa. Babban abu: in kin ga ɗigon sun ɓace kada ki ce an warke. Lokacin ne ma suke cikin ruwa. Ki ci gaba har mako ya wuce bayan ɓacewar ɗigon ƙarshe, ba fashi ko na yini ɗaya.

Kin ga ke nan zuwa bai kama ba yanzu. Nan ba wurin zama ba ne, ɗaki ne mai gadaje da warin magani, ga wani tsoho kusa da ni da ke kiran kowace nas da sunan matarsa. Ki zauna ki yi mini jinyar mutanena.

Allah Ya bar mu tare.
Mijinki.

*

Zuwa ga Mai Gilashina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya. Da fatan an cire maka robar nan ta hanci da ka ce tana damunka.

Mai Lulluɓi ta mutu. Da safe na same ta manne a bakin injin tace ruwa, jelar ta naɗe. Na sa ta a cikin kwalin ashana na binne a tukunyar fulawar bakin taga. Matar Direba ta shigo ta tarar ina kuka, ta riƙe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Saƙo ne ya zo daga asibiti?" Na ce kifi ne. Ta dube ni ta ce, "Ke dai Allah Ya shirye ki. Jiya na soya guda shida, ko ɗaya ban yi wa kuka ba."

Daga nan na ce tunda ciwon a cikin ruwa yake, bari in raba su da shi gaba ɗaya. Na kwashe Alƙali da Tagwaye na sa a roba. Na zubar da ruwan kaf. Na wanke gilashin, na dafa duwatsun. Da na buɗe injin tace ruwa sai na ga soson da ke ciki, Mai Gilashina, baƙi ƙirin, yana yauƙi kamar ba a taɓa wanke shi ba tun da aka saya. Na ce ashe ga tushen ciwon. Na sa masa sabulu na cuɗa har ya koma fari. Na cika tankin da sabon ruwan famfo, na mayar da gishiri da magani yadda ka ce. Da ka ga yadda yake ƙyalli.

Amma ba su gode mini ba. Washegari ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Duk sun taso sama suna buɗe baki kamar masu haki. Jajayen layuka sun fito a jelar Tagwaye. Na ƙara musu abinci ko za su ji ƙarfi, ba wanda ya kula. Ɗaya daga Tagwaye ya kife jiya, ɗayan yau bayan azahar. Ɗigon kuwa sun ragu, shi ne abin da na kasa ganewa.

Alƙali kaɗai ya rage. Yana ƙasa, fiffike a matse, murfin gefen kansa yana buɗewa da rufewa da sauri.

A labaran da nake karantawa, in mutum ya yi tafiya ya bar amana, yakan dawo ya same ta yadda ya bari. Ka bar mini uku, saura ɗaya. Jiya na zauna gabansa na ce masa, in ka tashi mai gidan nan zai tashi. Ban san me ya sa na faɗa ba, amma tun da na faɗa ya zauna mini a zuciya.

Ka rubuto da wuri.
Matarka.

*

Zuwa ga 'Yar Littafi,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yi.

Kada ki yi kuka. Tsabtarki ce, kuma saboda ita na aure ki, ban da juya idon nan da kike yi in kina karatu. Amma baƙin da kika gani a soson nan ba datti ba ne irin na tukunya. Wasu halittu ne da ido ba ya gani suke zaune a ciki, su ke cinye gubar da ke fita daga kashin kifi. Shekaru na yi ina kiwonsu kamar yadda nake kiwon kifin. Sabulu ya kashe su, maganin da ake sa wa ruwan famfo ya ƙarasa. Yanzu kifi yana zaune cikin fitsarinsa ba mai kwashewa, shi ke ƙona masa wurin numfashi. Ba ɗigon ne ya kashe Tagwaye ba.

Ki daina ba shi abinci tukuna, yunwa ba za ta kashe shi ba. Ki tari ruwa a bokiti ya kwana a buɗe kafin ki yi amfani da shi. Kullum ki ɗebe kwatan ruwan tankin, kwata kawai, ki mayar da wanda ya kwana, da gishirinsa. Soso kuwa kada ki ƙara taɓa shi. In ya toshe, a cikin ruwan da kika ɗebe daga tankin za ki matse shi, sau ɗaya. Halittun za su dawo, amma a hankali. Aikin kullum ne, ba mai yi sai ke.

Maganar in ya tashi zan tashi, ki bar ta. Kifi ne.

Ki zauna tukuna.
Mijinki.

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Ni ce yayar mijinki. Ni ba gwanar rubutu ba ce, keken ɗinki na sani, don haka ki yi haƙuri in magana ta fito a miƙe. Bai san na rubuto ba, a bakin ƙofa na ba Direba.

Ki haɗa kayanki ki taho.

Maganar mutum ɗaya da yake miki ƙarya ce, tun makon farko aka daina hana kowa. Shi ne ba ya so ki gan shi. Akwai rami a wuyansa da bututu a ciki, ni nake goge abin da ke fita. Ya rame har zoben aurenku na ɗaure masa da zare. Wasiƙar da ya aiko miki ta ƙarshe, yini guda ya yi yana rubuta ta, yana yi yana hutawa. Na ce masa, "Kai, yarinyar nan matarka ce ba baƙuwa ba." Ya rubuta mini a kwalin magani wai ke har yanzu kina ganinsa kamar mutanen cikin littafinki, ba ya so ya ɓata miki. Na ce, "Wane littafi? Kai da ko a lafiya kunnuwanka kamar murfin tukunya?" Ya yi dariya har sai da aka kira nas.

Da kifin ya kamu da ciwo, wallahi har wani sauƙi na gani a fuskarsa, ya samu abin da zai ɗaure ki da shi a gida.

Likita ya kira ni gefe. Ya ce abin ya sauka ƙirji, ba za su sake yanka ba. Na tambaye shi lokaci, ya ce wannan na Allah ne, amma duk wanda ya kamata ya zo ya zo.

Kifi dai kifi ne. Ki ba matar Direba ta riƙa watsa masa abinci.

Sai na gan ki.
Yayarku.

*

Zuwa ga Mai Gilashina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Yaya, na san za ki karanta, ina gaishe ki, kuma na gode.

Na haɗa jaka. Tana bakin ƙofa, ƙarƙashin rigarka. Ba ramin wuyanka ko ramarka za su hana ni ba. Kana zaton ban san yadda kake ba? Ni da na ga jini a hankicinka tun kafin ka yarda mu je asibiti, na wanke na yi shiru?

Na kira matar Direba in nuna mata aikin. Na ce kwata za ki ɗebe. Ta ce, "Kwatan me? Ba sai in juye in cika masa sabo ba, ya ji daɗi?" Na ce ruwan sai ya kwana. Ta ce, "Ruwa ma sai ya yi barci? To Allah Ya ba mu lafiya." Ta miƙa hannu za ta buɗe injin ta ga soson. Na riƙe hannunta. Ba da mugunta take yi ba, irin tawa za ta yi masa.

Ga kuma sabon abu. Ruwan ya washe, ɗigon sun tafi, ya daina haki. Amma cikinsa ya kumbura. Da na leƙa shi ta sama sai na ga ɓawon jikinsa duk ya miƙe tsaye kamar bayan abarba. Idonsa ɗaya ya ɗan fito. Na je shagon masu kifin ado na bayan asibitin dabbobi, na kwatanta wa mai shagon. Ya girgiza kai, ya ce ruwa ne ya taru a cikinsa. Ya ba ni wani gari ruwan ɗorawa, ya ce in kwaɓa da abinci in ba shi safe da yamma, in ya ci akwai ɗan rabo, in bai ci ba shi ke nan.

Ka ce in bar maganar nan, na kasa. Duk lokacin da na ɗauki jakar sai in ga kamar in na fita na bar shi ya mutu, ni ce na sa hannu a kan naka. Na san ba haka addini ya ce ba. Na yi istigfari. Amma ƙafata ta ƙi.

Kai ka gaya mini, da hannunka. Wannan ciwon ana tashi?

Matarka.

*

'Yar Littafi,

Salam. Ina gaishe ki.

In ɓawo ya miƙe, abin ya riga ya ci ciki. Ƙoda ce ta gaza. Na taɓa gani sau da yawa, ban taɓa ganin wanda ya tashi ba. Magani daga nan wahalarwa ce kawai.

Ki rufa wa tankin zane ya samu duhu. Ki bar masa kumfa. Ya yi zamaninsa, ba ki da laifi.

Na yi kuskure da na ce ki zauna. Ki zo. Motar gobe.

Ki zo da rigar nan mai ruwan ganye.

Mijinki.

*

Zuwa ga Mai Gilashina,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da dukkan zuciyata, ina gaida Yaya.

Na samu takardarka jiya da yamma. Na goge rigar, na sa a jaka, na rufa wa tankin zane yadda ka ce. Da safe na saka takalmi, na ji Direba yana ɗumama mota. Na ce bari in ɗaga zanen in yi masa sallama. Ina da sauran kwaɓin maganin a murfin kwalba, sai na jefa masa ɗan ƙanƙane, don kada in zubar.

Mai Gilashina, ya ci.

Ya taso daga ƙasa da ƙyar, yana tangaɗi, ya buɗe bakin nan nasa ya haɗiye. Na jefa wani, ya ci. Mai shago ya ce in ya ci akwai rabo. Ka ce ba ka taɓa ganin wanda ya tashi ba, to wataƙila wannan ne na farko, kuma in shi ya iya, ka gane abin da nake nufi.

Direba ya yi ta hon. Na fita na ce masa ya karɓi wannan takardar, ni sai lodi na gaba. Ya ce, "Amarya, ki shiga motar nan." Na ce jibi ne fa, ba shekara ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in yi sauri in rubuta.

Kada ka yi fushi. Kwana biyu kawai in ba shi maganin ya kama jikinsa, in zo maka da labari mai daɗi, ba da hannu wofi ba. Ina so in shigo ɗakin nan in ce maka amanarka tana nan da rai. Ka jira ni. Ka ci abin da aka ba ka, ko ta robar ce.

Taka har abada,
Matarka.

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kada ki hau mota. Allah Ya yi masa rasuwa jiya bayan la'asar, an yi masa sutura a nan.

Tun safe ya sa na juya gadon ya fuskanci ƙofa. Ya sa na aske masa gemu, na naɗa masa gyale a wuya ya rufe bututun. Da Direba ya shigo shi kaɗai, ya dube bayansa tukuna, sannan ya karɓi takardar. Ya karanta da kansa. Bai yi fushi ba. Ya nemi biro, na ba shi, ya riƙe, bai rubuta komai ba.

Ina tafe da kayansa in na gama sallamar mutane. Zoben yana wurina.

Allah Ya ji ƙansa, Ya ba mu haƙuri.
Yayarku.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Amin. Ina gaishe ki da haƙuri.

Kin aiko Direba ya tambaya ko ina bukatar wani abu kafin ki iso. Ba na bukatar komai.

Kumburin ya saɓe. Ɓawon ya kwanta, idon ya koma. Yau da safe Alƙali ya zagaye tankin, ya zo gaban gilashi yana buɗe baki a ba shi abinci, kamar yadda yake yi wa mai shi. Mai shago ya ce a duk shekarunsa bai taɓa jin irin wannan ba, wai ina da hannu.

Na ba shi. Na ɗebe kwata, na mayar da ruwan da ya kwana. Ban taɓa soson ba.

Jakar tana nan bakin ƙofa, ban kwance ba. In kin zo ki taimake ni mu juya tankin ya fuskanci bango, ya yi mini nauyi ni kaɗai.

Sai kin iso.
Ƙanwarki.